Bin sawu a gaɓar Stevns Klint: abin da ramukan cikin alli ke faɗa game da zurfin tsohon teku

Ranar 16 ga Maris, 1928, ɓangaren gabas na tsohuwar majami'ar Højerup ya rufta cikin Tekun Baltik, ya tafi da wani yanki na maƙabartar da ke gefensa. Ba girgizar ƙasa aka yi ba. Majami'ar tana bakin wata doguwar gaɓa ce da ake kira Stevns Klint, a tsibirin Sjælland na ƙasar Denmak, kimanin kilomita 45 kudu da Kopenhagen. Gaɓar kuwa hawa biyu ce. Ƙasanta alli ne mai laushi wanda igiyar ruwa ke ci dare da rana, samanta dutsen farar ƙasa ne mai tauri. In ruwa ya cinye na ƙasan, sai na saman ya tsaya kamar rumfa, har ranar da nauyinsa zai kayar da shi.

Wannan zaizayar da ta ci majami'a ita ce ke yi wa masana duwatsu aiki kyauta, domin kullum tana buɗe musu sabuwar fuskar dutse. Tsawon gaɓar ya kai kilomita 15, tsayinta a wani wuri mita 41. A 2014 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya, saboda wani siririn layin yumɓu da ke tsakanin allin da dutsen da ke kansa, wanda ya kwanta shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya faɗo a yankin Yukatan na Meziko. Yawancin masu zuwa wurin wannan layin suke nema. Nazarin nan ya bi wata tambaya ce dabam, wadda ta fi wuyar amsawa: ruwan da waɗannan duwatsu suka kwanta a ƙarƙashinsa, yaya zurfinsa yake, kuma ya sauya ne kafin dutsen ya faɗo ko bayansa?

Me ya sa aka koma ga ramuka

Tambayar ba ta son sani kaɗai ba ce. Idan teku ya riga ya fara ja da baya kafin faɗowar dutsen, to ba duk sauyin da ake gani a halittun ƙasan ruwa za a ɗora wa dutsen ba. Sannan allin wannan zamani shi ne ke riƙe da man fetur a rijiyoyin Ekofisk da Dan a Tekun Arewa, can ƙarƙashin ƙasa inda ba a ganin komai sai abin da bututun haƙa ya ciro. Abin da aka koya a fili a Stevns, da shi ake fassara wancan na ɓoye.

Shi allin kansa bakinsa a rufe yake game da zurfi. Asalinsa ɓawon wasu ƙananan tsirran ruwa ne masu ƙwayar halitta ɗaya, da ke yawo a saman teku inda rana ke kaiwa. Suna mutuwa, ɓawonsu yana sauka ƙasa kamar ƙurar harmatan, 'yan santimita kaɗan a cikin shekara 1,000. Wannan ƙura haka take sauka ko ruwan mita 80 ne ko mita 3,000. Iyakar abin da za a ce shi ne bai kai zurfin da ruwa ke narkar da farar ƙasa ba, wanda a tekunan yau yake wajen kilomita 4 zuwa 5. Wannan kuwa bai rage komai daga duhun ba.

Katantanwa da ɓawon sauran halittu suna taimakawa, amma suna da aibi guda: ruwa na iya kwaso su daga kusa da gaɓa ya zubar da su can tsakiya. Rami kuwa ba a ɗaukarsa. Inda dabba ta haƙa, nan zai tsaya. Duk wanda ya taɓa bin maharbi daji ya san wannan ilimin. Maharbi bai ga gada ba, amma daga sawunta zai gaya maka gudu take ko kiwo, ƙasar jiƙaƙƙiya ce lokacin da ta taka ko busasshiya. Masu nazarin daskararren sawu haka suke yi da ramuka da hanyoyin da tsutsotsi da jatan lande suka bari a laka, wadda daga baya ta zama dutse. Har sunayen da suke bayarwa na siffar ramin ne, ba na dabbar ba, domin sau da yawa ba a san mai ramin ba.

An daɗe kafin a yarda cewa sawun dabbobi ne ma. A ƙarni na 19 an ɗauki da yawansu a matsayin ciyawar teku da ta daskare, saboda suna da rassa. Sai a 1881 wani masani ɗan Suwidin, Alfred Nathorst, ya saki tsutsotsi da ƙananan dabbobin ruwa a kan laka mai laushi, ya nuna cewa su ke zana irin waɗannan siffofi.

Wanda ya haɗa su da zurfin ruwa shi ne Adolf Seilacher na Jami'ar Tübingen a Jamus, musamman a wani rubutu da ya fitar a 1967. Hujjarsa mai sauƙi ce, kuma kyakkyawa. A bakin gaɓa, inda igiya ke juya yashi, abinci yana yawo ne a cikin ruwa, don haka dabba takan haƙa rami a tsaye ta zauna ciki tana tacewa; wannan rukunin ya ba shi sunan Skolithos. In an ɗan shiga ciki, inda igiyar yau da kullum ba ta taɓa ƙasa sai ta guguwa, sawun rarrafe da ramukan kwance sun fi yawa, rukunin Cruziana ke nan. Ƙasa da nan, a laka mai kwanciyar hankali da ƙarancin iska, sai Zoophycos. A can ƙurya kuma, inda abinci ya yi ƙaranci ƙwarai, dabba takan bi laka layi bayan layi ba ta maimaita inda ta wuce, kamar mai huɗa a gona, ta bar zane mai lanƙwasa ko mai kama da raga. Wannan shi ne Nereites. Ɗalibi ya haddace huɗun nan sai ya ji kamar an miƙa masa igiyar awon rijiya. Stevns Klint na daga cikin wuraren da ke nuna masa cewa aikin bai kai nan sauƙi ba.

Farin alli na ƙasa

Matsala ta farko ita ce gani. Farin rami ne cike da farin alli a cikin farin alli. Richard Bromley, Baturen Ingila da ya yi rayuwar aikinsa a Jami'ar Kopenhagen, ya yaɗa wata dabara da ya gyara daga ta wani masanin Rasha mai suna Bushinsky: a kankare fuskar allin ta yi sumul, a shafa mata mai marar kauri. Cikin ramin da bangonsa ba sa shan man daidai, sai zanen ya fito. Abin da ya bayyana ya ba da mamaki. Babu ko tafin hannu guda na allin da dabba ba ta bi ta cikinsa ba, kuma ba sau ɗaya ba.

Uku ne suka fi fitowa. Akwai Thalassinoides, ramuka masu kaurin yatsa zuwa na tsintsiyar hannu, masu rassa, da ɗan kumburi a mararraba inda mai ramin ke juyawa. Irinsu ne wasu jatan lande ke haƙawa a ƙasan teku har yau. Akwai Zoophycos, wanda ya yi kama da faifai da aka murɗa hawa-hawa, dabbar tana matsar da raminta kaɗan-kaɗan tana barin layuka a baya kamar shatar tsintsiya. Sai Chondrites, siririya ƙwarai, milimita 1 ko 2, mai rassa kamar saiwar ciyawa.

To ga inda gizo ke saƙa. A tsarin Seilacher, Thalassinoides ɗan gidan Cruziana ne, wato ruwa marar zurfi sosai, Zoophycos kuma na ƙasa da nan ne. Ga su a dutse ɗaya, a tafin hannu ɗaya. Wanne za a gaskata?

Amsar da Bromley da abokin aikinsa A. A. Ekdale na Jami'ar Utah suka bayar a shekarun 1980 ita ce, ana rikita zurfi biyu ne: zurfin ruwa, da zurfin da dabba ke nutsawa a cikin laka. Dukansu a ƙarƙashin ruwa ɗaya suka rayu, a lokaci ɗaya, sai dai kowa da benensa, benen kuma ƙasa yake yi. A saman laka akwai masu dama ta har ta zama kunu, ba su barin wata siffa. Ƙasa da su jatan lande. Ƙasa da jatan lande mai Zoophycos. Can ƙarshe, inda iskar oksijin ta kusa ƙarewa, mai Chondrites, wanda ya fi kowa jure wannan hali.

Yadda suka gane haka shi ne abin da ya fi burge ni a duk lamarin. Sun duba wa ya yanka wa. Laka tana ƙaruwa a sama sannu a hankali, don haka kowane bene yana matsawa sama. Wurin da jatan lande ke zaune yau, bayan shekara dubbai zai zama ya yi masa zurfi, ya bar shi, mai Zoophycos ya iso ya ratsa tsohon raminsa. Bayan shi mai Chondrites ya zo ya ratsa na duka biyun. Hausawa na cewa sawun giwa ya taka na raƙumi. A cikin alli ƙaramin ne ke taka na babba, domin shi ne na ƙarshen zuwa. Kuma tunda ba mai zuwa bayansa, nasa ne ya fi fita tsaf, ko da kuwa a rayuwa ba shi ne mafi yawa ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi hattara: abin da ya fi bayyana a dutse ba lallai ne shi ya fi yawa a tekun ba.

A 1984 mutanen biyu suka kwatanta allin arewacin Turai da wanda jirgin bincike Glomar Challenger ya haƙo daga ƙasan manyan tekuna, inda ruwa ke da zurfin kilomitoci. Zoophycos da Chondrites suna nan a duka biyun. Abin da ya bambanta su shi ne yawan Thalassinoides, da dutsen ƙanƙara (irin wanda ake ƙyasta wuta da shi) da ke bin ramukansa, da wuraren da ƙasan teku ta taurare. Waɗannan na allin Turai ne. Ashe Zoophycos ba zai raba maka ruwan mita 200 da na mita 2,000 ba. Ƙari a kan haka, a 1988 David Bottjer da Mary Droser da David Jablonski suka nuna cewa Zoophycos ma ya yi ƙaura a tsawon tarihi. A zamanin da ya wuce shekara miliyan 300 ana samunsa har a ruwa marar zurfi, daga baya ya riƙa janyewa, har ya zama a yau sai a zurfafan wurare. Wanda ya auna tsohon dutse da mazaunin Zoophycos na yau zai zurfafa tekun fiye da kima.

Rashin rukunin Nereites a Stevns shi ma ba hujja ba ce mai ƙarfi. Waɗannan zane-zane masu kama da raga a saman laka ake yin su, kuma ba sa tsira sai in yashi ya kwararo farat ɗaya ya cika su, kamar yadda maƙerin farfaru ke zuba narkakken ƙarfe a zubi. Inda alli ke sauka a hankali, masu dama laka sukan shafe su. Ko da an yi su, ba za mu gani ba.

To me ya rage? Iyaka biyu, ta sama da ta ƙasa. A farin allin babu shatar igiyar ruwa, babu shimfiɗar da guguwa ta tara, babu ganyen teku masu ɓawon farar ƙasa waɗanda ba sa rayuwa sai da hasken rana. Wato ƙasan tekun tana ƙasa da inda guguwa ke kaiwa, kuma cikin duhu. Ta ɗaya ɓangaren, ga Thalassinoides birjik, ga soson teku da bushiyar teku da masu ɓawo biyu, kuma tekun kansa a kan doron nahiya ya malala, ba a kwarin babban teku ba. In aka haɗa, ana maganar ruwan da ya haura mita 100, bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Tazara ce mai faɗi, amma ta gaskiya ce, kuma na fi yarda da ita a kan lamba guda da za a faɗa don a burge mai karatu.

Inda laka ta taurare

'Yan mitoci ƙasa da layin yumɓun, farin allin ya ƙare da wasu shimfiɗu biyu masu tauri da gudaji-gudaji. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙasan teku tana taurarewa ne idan saukar alli ta tsaya, galibi saboda ruwan ƙasa ya yi ƙarfi yana share abin da ya sauka, sai farar ƙasa ta samu lokacin kama ƙwayoyin laka kamar siminti.

A irin wannan wuri ramuka suna ba da labari daki-daki, kuma Bromley ya yi shekaru yana bin sa a allin Ingila da na Denmak. Tun laka na da laushi, ramin jatan lande yakan tafi sumul da rassa masu tsari. Da gudaji suka fara kamawa, sai ramin ya riƙa karkacewa yana kewaya su, ya ƙuntata a nan ya buɗe a can, domin mai haƙa ba ya iya fasa su. In wurin ya zama dutse sosai, masu haƙa sun tashi ke nan, sai masu huda dutse su gaje su, irin su wasu soson teku da masu ɓawo biyu. Daga siffar rami kaɗai ana iya sanin ko a wane mataki taurin ya tsaya. A lura fa, abin da ramin ya auna kai tsaye shi ne taurin ƙasa. Daga tauri aka san saukar alli ta tsaya, daga nan aka san ruwa ya yi ƙarfi, daga nan ne aka kai ga zurfi. Tsani ne mai matakala uku, kuma a kowace ana iya zamewa.

Finn Surlyk na Jami'ar Kopenhagen da abokan aikinsa, waɗanda suka tsara sunayen shimfiɗun gaɓar a 2006, sun karanta waɗannan taurarrun wurare a matsayin alamar raguwar teku. Abin da ya zo a kansu ya goyi bayan haka. Alli ne mai ruwan toka, cike da gutsattsarin biriyozowa, wasu ƙananan dabbobi masu zaman taro da ke gina gida kamar reshe ko raga. Sun taru sun yi 'yan tuddai masu gefe ɗaya ya fi ɗaya gangara, alamar ruwa yana bi ta kansu ta fuska guda yana kawo musu abinci. A nan hujjoji uku ne suka haɗu, ramuka da tauri da siffar tuddai, shi ya sa nake ganin wannan ɓangaren ya tsaya da ƙafarsa: teku ya ragu tun dutsen Yukatan bai faɗo ba.

Yumɓun kifi da abin da ya biyo baya

Layin yumɓun, wanda 'yan ƙasar ke kira Fiskeler saboda ɓawon kifi da haƙora da ke cikinsa, a kwaruruwan da ke tsakanin tuddan nan ya kwanta, kaurinsa galibi santimita 5 zuwa 10. A cikinsa ne Luis Alvarez da ɗansa Walter, tare da Frank Asaro da Helen Michel, suka ba da rahoto a 1980 cewa ƙarfen iridiyam, wanda ba shi da yawa a doron ƙasa amma yake da yawa a duwatsun sararin samaniya, ya ninka yadda aka saba har kusan sau 160. Ga mai bin sawu, abin lura shi ne baƙin ɓangarensa na ƙasa yana da siraran layuka kwance, ba a dama su ba. Bayan mitoci da mitoci na allin da aka tattake ko'ina, ga wurin da ba wanda ya haƙa. Teku bai zurfafa dare ɗaya ba. Masu haƙan ne suka ɗauke ƙafa, ko don iska ta yi ƙaranci a ƙasa, ko don abincin da ke sauko musu daga sama ya yanke.

A kan yumɓun akwai wani dutse mai ɗan rawaya, wanda bai cika kai mita 1 ba, ana kiransa da sunan wani dodon koɗi, Cerithium, da shatar ɓawonsa ta cika shi. Masu haƙa sun dawo, amma ba dukansu ba. Thalassinoides ya mamaye wurin, benayen nan masu tsari na farin alli, da Zoophycos a tsakiyarsu, ba su dawo yadda suke ba.

Nan ne fassara ta rabu biyu, kuma nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan. Mai riƙe da tsarin Seilacher zai ce magana ta ƙare: an tashi daga rukunin Zoophycos an koma na Cruziana, ruwa ya ragu. Wani kuma zai ce a dakata. Tsirran da ke samar da alli na daga cikin waɗanda bala'in ya fi kashewa. Ƙurar da ke sauka ta sauya, abinci ya sauya, lakar kanta ta sauya, ta kuma yi saurin taurarewa. Dabbar da ta dogara da abincin da ke cikin laka mai zurfi za ta iya ɓacewa ko da ruwan bai ragu da taƙi ɗaya ba, jatan lande kuwa mai cin duk abin da ya samu ne. Ni dai a ganina ramukan Cerithium su kaɗai ba za su raba wannan gardama ba, kuma kuskure ne a tilasta musu. Abin da ya fi su ƙarfi shi ne shatar da ke samansu: wata fuska mai tauri da ta yanke dutsen Cerithium da kawunan tsofaffin tuddai a layi ɗaya, kamar an bi da aska. Sai ruwa mai ƙarfi ne zai yi wannan aski, kuma ita aka fi dangantawa da wata sabuwar raguwar teku.

Ramukan nan sun jawo wata wahalar ma. Jatan landen da suka rayu bayan bala'in sun haƙa har cikin allin da ya riga shi, lakar sabon zamani ta zuba ciki. Wanda ya ɗebi samfur bai lura ba zai iya samun halittar bayan bala'i a dutsen kafinsa. Saboda haka ne da Marcin Machalski da Claus Heinberg suka kawo hujja a 2005 cewa wasu amonayit, dabbobin teku masu ɓawo da aka ɗauka sun ƙare tare da dainaso, sun ɗan ƙara rayuwa a zamanin dutsen Cerithium, sai da suka fara nuna cewa ba daga tsohon alli aka tono ɓawon ba.

Rumfar sama

Dutsen da ke saman gaɓar, wanda ya ɗauki majami'ar kuma da irinsa aka gina ta, kusan gabaɗayansa biriyozowa ne. Tuddansa sun fi na ƙasa girma nesa ba kusa ba, tsayin mita 5 zuwa 10, kuma daga cikin jirgin ruwa ana ganin siffarsu saboda baƙaƙen layukan ƙanƙara da ke hawa da sauka a jikinsu. Ƙanƙarar nan, irin wadda ake ƙyasta wuta da ita, daga allurorin jikin soson teku ta samo asali. Sun narke a cikin laka, sinadarin ya sake daskarewa, kuma ya fi son kamawa a cikin ramukan Thalassinoides. Shi ya sa tsakuwar ƙanƙara da ke zube a bakin ruwan take da rassa da ƙahoni: zubin ramin jatan lande ce. Mutanen zamanin dutse na wannan yanki da irinta suka yi gatura.

An fassara waɗannan tuddai da cewa teku ya sake cikowa, sun girma a ruwa mai sanyi, cikin duhu, inda ruwan ƙasa ke gudana. Ga Thalassinoides a farin alli, ga shi a dutsen Cerithium, ga shi a nan, alhali zurfin ukun ba ɗaya ba ne. Abin da jatan lande ke buƙata shi ne iska da lakar da za ta riƙe rami, kuma ya samu a duka ukun.

Akwai sawun da ya fi waɗannan kusanci da zurfi, sai dai ido ba ya ganinsa. Wasu ƙananan halittu suna huda ɓawon katantanwa su bar hanyoyi da suka fi gashi siranta. Waɗansunsu da hasken rana suke rayuwa, waɗansu kamar naman gwari ba ruwansu da haske. A zuba roba mai daskarewa a ɓawon, a narkar da shi, a duba zubin a madubin ƙara girma: in masu son haske suna nan, rana tana kaiwa wurin, in sai na duhu kaɗai, ba ta kaiwa. Haske kuwa da zurfi yake raguwa kai tsaye, ko a ruwa mafi tsabta bai cika wuce mita 200 ba. Matakala ɗaya ce a nan maimakon uku.

Abin da za a iya tsayarwa game da Stevns, ke nan, jerin hawa da sauka ne: ruwa mai zurfi da duhu a farin alli, raguwa kafin faɗowar dutsen, ɗaukewar masu haƙa a yumɓun kifi wadda ba ta da alaƙa da zurfi, wata raguwar a kan dutsen Cerithium, sannan cikowa. Ramukan sun fi iya faɗin "nan ya fi can" a kan faɗin mita nawa.

Teku a Sakkwato

A daidai wannan zamani, ƙarshen Kiretashiyos da farkon Faliyosin, wani hannun teku ya ratso Sahara ya malale kwarin Iullemmeden, wanda ya haɗa gabashin Mali da yammacin Nijar da ƙasar Sakkwato. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato, da na Malbaza a Nijar, a ƙarƙashinsa suka kwanta, shekara 'yan miliyoyi bayan tuddan Stevns. Amma tekun namu wani iri ne. Dutsen Kalambaina yana ɗauke da bushiyar teku da katantanwa da manyan foraminifera, halittu masu ƙwaya ɗaya waɗanda danginsu na yau ke zaune a ruwa mai ɗumi da haske. Ayarin da Maureen O'Leary ta jagoranta a Mali ya ƙiyasta zurfin wannan teku da kimanin mita 50 a rahotonsa na 2019.

A can arewa maso gabashin Mali ɗin ne Leif Tapanila da abokan aikinsa suka bayyana wani sawu a 2004 wanda Bromley zai gane shi da kallo ɗaya: ramuka masu siffar gora, irin waɗanda masu ɓawo biyu ke hudawa a dutse, amma a jikin ƙasusuwa da kashin dabbobin ruwa da ya daskare. Mai huda dutse ba ya shiga abu mai laushi. Kashin ya riga ya binnu, ya taurare, ruwa ya sake tono shi ya bar shi a fili a ƙasan teku tsawon lokacin da ya isa wata halitta ta yi gida a cikinsa.